Ummanmu ta ajiye maganin asibiti ta koma shan jiƙo, ya zan yi?

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min da shawara. Mahaifiyata ce, shekarunta 58, a Gwammaja muke. Shekara huɗu kenan da aka ce tana da ciwon suga, bara kuma aka ce kolestarol ɗinta, wato kitsen jini, ya hau. Likita ya ɗora ta kan metformin da glibenclamide na suga, da atorvastatin na kolestarol. To wata biyu kenan ta ajiye su duka, wai metformin yana ɓata mata ciki, kuma an ce mata maganin asibiti ƙoda yake kashewa. Yanzu wata jarka take sha da ƙanwar babanmu ta kawo mata, jiƙo ne baƙi mai ɗaci ko takarda babu a jiki, ga garin zogale da hulba da habbatus sauda kullum da safe. Tace jikinta yayi sauƙi, tana ta fitsari wai sugan ne yake fita, ni kuma gani nake ta rame. Da nayi magana Gwaggo tace boko ya ɓata ni. Da gaske ganyayyakin nan suna magani? In suna yi in ƙyale ta, in basa yi ya zan yi ba tare da na saɓa mata ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya yasa kaffara ne, ke kuma Allah yayi miki albarka da kika sa ido kika lura.

Kafin muzo kan ganye bari na fara da abinda yafi tayar min da hankali a wasiƙarki. Yawan fitsarin nan da ramar da kike gani ba alamar sauƙi bane wallahi. Ƙodar mutum bata barin suga ya fita haka kawai, sai in yayi yawa a jini, wajen 180 zuwa sama a awon mita, sannan yake tsallakawa cikin fitsari, in zai fita kuma sai ya ja ruwan jiki ya tafi dashi. Shi yasa zaki ga mutum yana ta zarya banɗaki cikin dare, ƙishirwa ta ishe shi, baki ya bushe, ga ci ga rama saboda abincin baya shiga inda ya kamata sai jiki ya koma cin kitsensa da namansa. Gaskiya Umma ta faɗa, sugan yana fita, amma yana fita ne don ya cika ya tumbatsa, ba don ya ƙare ba.

Don haka a auna ta yau ɗin nan, kar a ce sai an samu sarari. Duk wani kemis na kirki ko asibitin unguwa yana da mitar, ɗan tsira yatsa ne kawai. Wanda yake kan magani, abinda ake so da safe kafin a ci komai yawanci tsakanin 80 ne da 130. In mitar irin mai ƙananan lambobi ce, wadda zaki ga ta nuna 7 ko 15, ki ninka da 18 zai baki ɗayan lissafin. In kika ga 300 ko sama, ko mitar ta rubuta HI, ko Umma tana amai, ko tana yawan barcin da ba nata ba, ko magana tana ruɗe mata, kar ki tsaya neman izinin kowa, ki samu adaidaita ku wuce ɓangaren gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. In kuma bai kai nan ba, to cikin satin nan ku koma gun likitanta, kuma kar ki ɗebo tsofaffin ƙwayoyin ki ninka mata wai don a rama na baya.

To yanzu tambayarki, da gaske ganye yana magani?

Ni bana cikin masu raina ganye, kuma ko likitan da yasan tarihin aikinsa bazai raina ba. Metformin ɗin da Umma ta ajiye ma asalinsa daga tsiro ne. Akwai wani tsiro a ƙasashen Turai sunansa galega, tun da can suke amfani dashi a gargajiyance, daga baya aka gano sinadarin dake cikinsa yana sauke suga amma yana da guba, akayi ta gyara ana gwadawa har wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya fitar da sakamakon gwajin metformin a kan mutane a 1957. Magungunan kolestarol irin su atorvastatin kuma tushensu wani masani ne a Japan, Akira Endo, da ya samo na farkonsu daga jikin fumfuna a shekarun 1970. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD dake Abuja ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirrai huɗu, cikinsu harda masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da zaki shiga Kasuwar Kurmi ki siyo yanzu. Kinga kenan rigimar ba ta boko da gargajiya bace kamar yadda Gwaggo ta ɗauka. Rigimar ta awo ce. Ƙwayar metformin in an rubuta 500 to 500 ɗin ce yau da gobe da jibi. Ganyen da aka tsinko da damina da wanda ya sha ranar bazara ƙarfinsu ba ɗaya bane, wanda aka tafasa da wanda aka jiƙa ba ɗaya bane, kofin gidanku da na maƙota ba ɗaya bane. Umma da bazata yarda a auna mata shinkafa da ido ba sai da kwano, ai bai kamata abinda zai shiga jininta a auna shi da ido ba.

Zaki ji ana cewa ai bincike ya tabbatar, jami'a kaza ta tabbatar. Eh ana binciken, a BUK da ABU Zariya da sauran jami'o'i ɗalibai da malamansu suna tatso sinadaran shuwaka da zogale da darbejiya da marke da sauransu suna gwadawa, kuma aiki ne mai kyau, Allah ya ƙara musu basira. Amma ki san yadda yawanci akeyi. Ɓeraye ake samu, ayi musu allurar wani sinadari, alloxan ko streptozotocin, ya lalata musu ɓangaren dake samar da insulin, sinadarin dake sauke suga a jini, sai a basu tataccen ganyen na 'yan makonni a ga ko sugan ya sauka. In ya sauka an samu hanyar da za a bi kenan, matakin farko ne. Daga nan zuwa a ce mace mai shekara 58 mai suga da kolestarol ta sha kaza sau kaza na shekara goma ba abinda zai samu hantarta da ƙodarta, tafiya ce mai nisa, kuma yawancin ganyayyakinmu basu kai ƙarshenta ba tukuna.

Waɗanda aka gwada a kan mutane ga yadda abin yake. Hulba tana cikin masu ɗan dama-dama, ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana rage suga kaɗan, saboda yauƙin dake cikinta yana rage saurin shigar abinci cikin jini. Habbatus sauda ma haka, an ga ɗan ragi a suga da kitsen jini a wasu gwaje-gwajen. Zogale ganye ne mai albarka a matsayin abinci, amma gwajin da akayi masa a kan masu suga kaɗan ne kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Girfa da ake ta yayi, a 2012 masanan ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya sun tattara gwaje-gwaje 10 da akayi a kan mutum 577, suka ce babu isasshiyar hujjar da za a ce tana maganin suga, kuma irin wadda tafi yawa a kasuwa tana da wani sinadari coumarin da yake taɓa hanta in ana zabga ta kullum. A shekarar dai sun duba wani ɗan'uwan garahuni da mutanen Indiya da Sin suke ci, shima hujjar bata isa ba. Tafarnuwa kuma a 2007 jami'ar Stanford a Amurka ta gwada ta a kan mutum 192 na wata shida, ɗanya da ta ƙwaya, mugun kolestarol ɗin bai sauka ba, duk da wasu gwaje-gwajen sun ga ɗan ragi. Zoɓo an fi samun hujjarsa a kan hawan jini, shima in ba a zuba masa suga ba. Ruwan kuɓewa da ake jiƙawa ya kwana, a ci kuɓewa a miya ba laifi, amma wani gwaji a kan ɓeraye ya nuna yauƙinta yana hana metformin shiga jiki yadda ya kamata, don haka kar a kora ƙwayar dashi.

Kalmar da nake ta maimaitawa ita ce kaɗan. Wanda sugansa yake bakin iyaka, ya gyara ci yana tafiya, wannan kaɗan ɗin zai iya yi masa rana. Wadda likita ya ga sai an haɗa mata ƙwaya biyu, cokalin hulba bazai ɗauki nauyin da ƙwayoyin nan suke ɗauka ba. Kuma maganar da ake yi wai ɗaci yana kashe zaƙi, a harshe ne kawai. Tuwon shinkafa ba zaƙi gare shi ba amma in ya shiga ciki suga yake komawa, ko da maɗaci aka kora shi.

Jarkar nan ce bana so, ita kam ban yarda da ita ba ko kaɗan. Zogale da hulba kin san su, kina ganinsu da idonki. Baƙin ruwan nan ba wanda yasan me aka zuba, da wane ruwa aka haɗa, kwana nawa yayi, jarkar me aka taɓa zubawa a ciki. A ƙasashe da dama hukumomi sun sha kama magungunan da ake cewa tsantsar ganye ne, da aka kai lab sai ga glibenclamide an niƙa a ciki, mutum yasha yaga suga ya faɗi yace ganye yayi aiki. Ko wanda yake da lambar NAFDAC ma, ki duba jikin kwalbar da kyau, yawancin na gargajiya zaki ga an rubuta da Turanci cewa hukumar bata tantance iƙirarin da akayi ba, wato an duba lafiyar shansa ne, ba a ce yana warkar da abinda aka lissafa ba. Balle wanda ko suna babu. Raina yana ɓaci in naji motocin nan masu lasifika a bakin kasuwa, magani ɗaya wai na basir, na sanyi, na taifot, na suga, na hawan jini, har a ce a jefar da na asibiti an warke. Wanda ya faɗa ya tada motarsa ya tafi, ku za a bari da jinya. Akwai wani dattijo a layinmu, ɗan ƙaramin ciwo ne a ƙasan babban yatsansa, bai ma ji zafinsa ba saboda sugan ya riga ya kashe masa jin ƙafar, yana ta barbaɗa gari yana shan jiƙo, sai da safa ta fara manne masa tana wari sannan 'ya'yansa suka gani. An ceto ƙafar, yatsan ne ba a ceto ba.

Maganar ƙoda kuma, na san daga inda ta samo asali. Mutane suna ganin mai suga yasha magani shekara da shekaru daga ƙarshe ya ƙare a wankin ƙoda sai su ce maganin ne. Sugan da ba a riƙe ba da hawan jini sune manyan masu kashe ƙoda. Metformin baya lalata ƙoda, abinda yake faruwa shi ne ta ƙoda yake fita, in ta riga tayi rauni sai likita ya rage shi ko ya canza, daga nan labari ya juye a bakin mutane. Jiƙon da ba a san cikinsa ba shi ne likitocin ƙoda suke kuka dashi.

Kolestarol shi kuma matsalarsa baya ciwo. Ba jiri ba zazzaɓi, don haka "jikina yayi sauƙi" bata aiki a kansa, gwajin jini ne kaɗai yake nunawa. Mafi yawansa hanta ce take haɗawa da kanta, shi yasa siriri ma zai iya samu. Wanda ake tsoro shi ne LDL, wato mugun kolestarol, yana taruwa a bangon jijiyoyin jini a hankali har ranar da zai toshe ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, sai kiji an ce bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kuma mai suga hatsarinsa ya fi na sauran mutane. Atorvastatin hantar yake sa wa birki. Irin waɗannan magungunan an gwada su a kan dubban mutane, tun gwajin da aka fitar a 1994 a ƙasashen arewacin Turai mai mutum 4,444 da ya nuna suna rage mutuwa. Babu ganyen da aka yi wa irin wannan gwajin ya nuna haka. In tana jin ciwon tsoka in tasha, wasu suna ji, a gaya wa likita ya rage ko ya canza wani.

Yanzu ya zaki yi da Umma. Kar ki je mata da "ki daina", kuma dan Allah kar kiyi sa-in-sa da Gwaggo, ƙauna ce tasa ta ɗauko jarka ta kawo, in kika kunyata ta a gaban mutane Umma ɓangarenta zata bi don kar zumunci ya ɓaci. Ki lura Umma ta faɗi dalilinta, cikinta ne yake ɓaci, kuma gaskiyarta ne, metformin yana yin haka, tashin zuciya da gudawa da kumburin ciki. Amma abu ne mai gyaruwa. Ana shansa ne tsakiyar cin abinci ko da an gama, ana farawa da kaɗan a ƙara a hankali, kuma akwai irin da yake narkewa sannu a ciki wanda yafi sauƙi, likita zai iya rubuta mata. Ki kuma bincika a hankali ko kuɗi ne, iyayenmu mata sai su ajiye magani su ce basa so alhali nauyin 'ya'yansu suke ji. In haka ne ku haɗu ku 'ya'yanta kowa ya ɗauki wani abu, a siyo na wata gaba ɗaya a ajiye mata ba sai ta tambaya ba, ku nemi mai haɗa magunguna ya baku irin wanda ba na babban kamfani ba amma mai rajista, yafi araha, ku kuma tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA.

Ki zauna da ita lokacin da take cikin nishaɗi, ku biyu, kice Umma ni ba hana ki nake ba, hankalina ne ya kasa kwanciya, ki taimake ni mu auna na sati ɗaya da safe mu rubuta a littafi, in yayi kyau nayi shiru. Ki bar lambar tayi magana, ita ba za a ce boko ya ɓata ta ba. In da hali ma a auna Gwaggo a ranar, da ke kanki, don abin yana bin jini, sai ya zama na kowa ba Umma kaɗai aka tsare ba. In kuma akwai wanda take jin maganarsa, yayanta ko babanku ko malamarsu ta Islamiyya, ki fara bi ta nan. In ta kawo miki hadisin habbatus sauda kice gaskiya ne Umma, ba mai musun wannan, ki cigaba da shan 'yar kaɗan ɗinki, kuma Manzon Allah (SAW) ɗin dai shi ya umarce mu da neman magani. Ba sai an zaɓi ɗaya an jefar da ɗaya ba.

Abinda zaki roƙa ta bari guda ɗaya ne, jarkar. Zogale a mayar dashi kwano, kwaɗo da ƙuli da tumatir da albasa, haka rama da lansir, miyar kuka da kuɓewa, wake da alale da ɗanwake, malmalar tuwo a rage ta miya da ganye su fi yawa. Tuwon alkama da acca da ake cewa na masu suga suma in aka cika kwano suna hawar dashi. Lemon kwalba, shayi mai suga, kunu da fura da aka zuba wa suga a ajiye su, zuma da dabino ma suna hawar da suga duk albarkarsu, sai da lissafi. Ta ɓangaren kitse a rage man shanu da kitsen nama da kayan ciki da man da aka soya aka sake soyawa. Tafiyar minti talatin a yawancin ranakun sati, ko zagayen tsakar gida ne bayan cin abinci, tana yin abinda garin ganye da yawa basa yi.

Abu ɗaya da zaki kiyaye in ta koma kan magani tana kuma shan hulba da sauransu, glibenclamide yana iya faɗar da suga ƙasa sosai, musamman in tasha bata ci abinci ba. In kika ga tana rawar jiki, gumi, jiri, yunwa ta gaggawa, ko mita ta nuna ƙasa da 70, a bata suga kamar cokali ɗaya babba a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a sake aunawa bayan minti 15, sannan taci abinci. In ta suma kar a ɗura mata komai, asibiti kai tsaye.

Ranar da zaku je asibiti ki ɗauki littafin awon, da kwalayen magungunan, da hulbar da zogalen da habbar, har jarkar in zata yarda, a ajiye wa likita a tebur ya gani, kar a ɓoye masa don tsoron faɗa. Ki roƙa ayi mata HbA1c, shi yake nuna yadda sugan ya zauna cikin wata biyu zuwa uku, yawanci ana so ya zama ƙasa da 7, sai gwajin ƙoda na jini da na fitsari, gwajin hanta tunda ta sha abinda ba a sani ba, gwajin kitsen jini da awon hawan jini. A duba mata ƙafa, a tura ta a duba bayan ido ko da tana gani garau. Ke kuma kullum da daddare ki riƙa duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu, kar ta taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida. In azumi ya matso ku koma tun saura wata ɗaya ko biyu a tsara mata yadda zata sha maganin tsakanin sahur da buɗa baki.

Ki rubuto min abinda mitar ta nuna da abinda likita yace. Allah ya bata lafiya mai ɗorewa, ki gaishe min da ita da jiki.